Ƙwararren kwantabul: sa hannun da banki da lanho ke yarda da shi

A Maraɗi da Damagaram akwai alhazan da ke juya miliyoyin sefa, amma lissafinsu duka yana cikin ka, ko cikin wani ɗan littafi da babu mai gane shi sai su. Muddin maigida yana raye, harka na tafiya. Ranar da ya nemi bashin banki, ko ma'aikatan lanho suka zo bincike, ko Allah ya yi masa rasuwa magada suka zauna rabon gado, a nan ake gane cewa dukiyar da ba a rubuta ba tana da wuyar karewa. Wannan giɓi ne ƙwararren kwantabul ke cikewa, wanda ake kira expert-comptable da Faransanci.

Ba duk mai riƙe littafin kanti ne ke da wannan suna ba. A shekarar 2003 doka ta kafa ƙungiyar ƙwararrun kwantabul ta Nijar, wato ONECCA. Sai wanda sunansa ke cikin rajistarta yake da izinin buɗe biro nasa na kansa, ya karɓi lissafin kamfanonin mutane, ya sa hannu a kai.

Hanyar tana da tsawo. Bayan bak, ɗalibi zai yi kamar shekara 5 yana karatun lissafi, dokar kasuwanci da ta haraji. Daga nan sai shekara 3 na koyon aiki a ƙarƙashin wani ƙwararre, sannan jarrabawar ƙarshe da rubutaccen bincike da zai kare a gaban malamai. Ƙasashen UEMOA sun kafa tasu takardar shaida mai suna DECOFI a shekarar 2000, kuma makarantar CESAG ta Dakar na cikin masu shirya ɗalibai. Wasu kan bi tsarin Faransa: DCG, sai DSCG, sai DEC. Ko ta ina aka bi, shekara 8 ce mafi ƙaranci. Uban da zai sa ɗansa ko ɗiyarsa a wannan hanya sai ya shirya aljihu da haƙuri, ko da yake da yawa suna aiki suna karatu.

Me ya sa ake neman su? Doka ce ta buɗe musu kasuwa. Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993, kuma tun 2018 ana aiki da sabon tsarin lissafi na SYSCOHADA. Shekarar lissafi na rufewa ranar 31 ga Disamba, a kammala takardu cikin wata 4, a adana su shekara 10. Ɗan kasuwar da cinikinsa bai kai miliyan 60 a shekara ba yana iya riƙe lissafi mai sauƙi na shiga da fita. Wanda ya wuce nan sai cikakken tsari. Kowane kamfani mai hannun jari, wato SA, tilas ya naɗa mai binciken lissafi daga waje, kuma ƙwararrun ne kaɗai ke riƙe wannan muƙami.

Wanda bai son buɗe biro yana da wurin zuwa: bankuna, kamfanonin inshora, na ma'adinai da na man fetur, da purojoji masu kuɗin waje waɗanda masu ba da tallafi ke son a binciki kowace dala tasu. Da yake tsarin lissafin ɗaya ne, abin da aka koya a Yamai yana aiki a Kwatano da Abijan. Najeriya kuwa ba ta cikin OHADA, saboda haka kwantabul mai jin Ingilishi yana da daraja wajen ƴan kasuwar da ke hulɗa da Kano da Katsina.

Sai dai sana'ar tana da nauyi. Akwai mai kuɗin da zai buƙaci littafi biyu, ɗaya na lanho, ɗaya na gaskiya. Mai binciken da ya tabbatar da lissafin ƙarya da saninsa yana iya gurfana gaban kotu, ƙungiya kuma ta soke sunansa daga rajista. Banki na ba da bashi ne bisa yarda da wannan sa hannu; in ya zube, shekara 8 na karatu ba za su maido shi ba.