Tsofaffin ma'aikatan da suka farfaɗo da noman inabi a Ingila

A kudancin Ingila akwai gonakin inabi masu yawa waɗanda mutanen da suka riga suka manyanta suka kafa, bayan sun kammala aikin soja, ko sun sayar da kamfanoninsu. Sai dai kuma sana'a ce mai cin kuɗi da lokaci, wadda takan ɗauki shekaru kafin mai ita ya ga ko da kwabo.

Noman inabi ba baƙon abu ba ne a ƙasar. Kundin ƙidayar dukiyoyi na Domesday, wanda aka kammala a shekarar 1086, ya ambaci gonakin inabi fiye da 40. To amma sannu a hankali sana'ar ta yi ta ja da baya, har ta kai ga bayan yaƙin duniya na farko babu wanda ke yin giyar inabi domin sayarwa.

Wanda ya sake buɗe wannan babi shi ne wani janar ɗin soja mai ritaya, Sir Guy Salisbury-Jones. A shekarar 1952, lokacin da ya haura shekaru 50 da haihuwa, ya dasa inabi a wani gangare da ke kusa da gidansa a ƙauyen Hambledon na gundumar Hampshire. Ana ɗaukar gonar tasa a matsayin ta farko da aka kafa domin kasuwanci a Ingila ta wannan zamani.

Waɗanda suka biyo sawu

Shekaru da dama bayan haka, akasarin manoman ƙasar irin inabin Jamus suke shukawa, saboda yana jure sanyi, kuma giyar da suke samarwa ba ta da wani kwarjini a kasuwa.

Al'amura sun soma sauyawa ne a 1988, yayin da wasu ma'aurata daga birnin Chicago na Amurka, Stuart da Sandy Moss, suka dasa nau'o'i uku na inabin da ake amfani da su a yankin Champagne na Faransa, wato Chardonnay da Pinot Noir da Pinot Meunier, a gonarsu ta Nyetimber da ke Sussex ta Yamma. Manufarsu ita ce yin giya mai kumfa irin ta Faransawa.

A 1989 kuma, Bob Lindo, wani matuƙin jirgin yaƙi da ya bar aiki bayan ya ji mummunan rauni a hatsarin jirgi, ya kafa gonar Camel Valley a Cornwall tare da matarsa Annie. Shi kuwa Mike Roberts, harkar kwamfuta ya baro, ya kafa Ridgeview a 1995 shi da matarsa Chris. A 2010 ɗaya daga cikin giyoyinsa ta zo ta ɗaya a rukunin masu kumfa a gasar duniya ta mujallar Decanter, inda ta sha gaban na Champagne.

Dalilai biyu ne suka taimaka masu. Na farko, a wasu sassan kudancin Ingila akwai ƙasa mai alli, irin wadda ake samu a Champagne, wadda ba ta riƙe ruwa fiye da kima. Na biyu, ɗumamar yanayi ta sa inabin da a da ba ya nuna sosai, yanzu yana kaiwa ga nuna kafin sanyi ya shigo. Shi ya sa ma kamfanin Taittinger na Faransa ya sayi fili a gundumar Kent a 2015.

Dogon jira

Babban ƙalubalen da mai shiga wannan sana'a da furfura yake fuskanta shi ne lokaci.

Idan aka dasa itacen inabi, sai ya yi kimanin shekaru uku kafin ya ba da 'ya'yan da za a iya tsinka, sannan sai ya ƙara wasu shekarun kafin ya kai ƙarfinsa. A duk tsawon wannan lokaci mai gona yana kashe kuɗi ne kawai: sayen fili, da dashe, da turaku da wayoyin da rassan za su bi, da shingen da zai hana zomaye da barewa shiga.

Bayan an tsinke inabin a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, akan matse ruwansa, a sa masa yisti, wanda zai mayar da sukarin da ke ciki ya zama barasa. Idan giya mai kumfa ake so, sai a ɗura ta a kwalba tare da ƙarin sukari da yisti, a toshe, domin ta sake tsimuwa. Iskar da ta rasa mafita ita ce ke zama kumfar. Daga nan sai a jibge kwalaben a ɗaki mai sanyi, wani lokaci har tsawon shekaru uku ko fiye.

Ke nan wanda ya dasa inabi yana ɗan shekara 60, mai yiwuwa ne sai ya doshi 67 kafin ya sayar da kwalbar farko. A Nyetimber, inabin da aka dasa a 1988 sai a 1992 aka yi giyar farko da shi, kuma ta ƙara wasu shekaru a ajiye kafin ta shiga kasuwa.

Yanayi da aikin ƙarfi

Haka nan kuma aikin ba na hutu ba ne. A tsakiyar hunturu ake datse rassan, itace bayan itace, da hannu. A watannin Afrilu da Mayu kuwa, sanyin dare guda na iya ƙone sabon tohon da ya fito, abin da ke sa manoma kwana a gona suna kunna manyan kyandirori a tsakanin layuka, kamar yadda ya faru a Afrilun 2017.

Ruwan sama ma na iya ɓata lissafi. A 2012 damina ta yi muni, har gonar Nyetimber, duk da girmanta, ta sanar cewa ba za ta yi giya da inabin wannan shekara ba. A ɗaya ɓangaren kuma, shekarun 2018 da 2023 sun zo da yabanya mai tarin yawa, ta yadda a 2023 aka samar da kwalabe sama da miliyan 20.

Yalwar ma tana da nata matsalolin. A 2024 yawan gonakin inabi a Birtaniya ya haura 1,000, kuma ƙaramin manomi na gogayya ne da manyan kamfanoni wajen neman masu saye, ga kuma harajin da gwamnati ke karɓa a kan barasa. Saboda haka da yawa daga cikinsu ba sa gina wurin matsa na kansu. Ko dai su sayar da inabin ga manya, ko su biya a sarrafa masu, sannan su dogara da baƙin da ke zuwa yawon buɗe ido suna saye a bakin gona.

Wa zai gada?

Itacen inabi na iya shafe shekaru 30 ko fiye yana ba da amfani, don haka sau da yawa yakan wuce ƙarfin wanda ya dasa shi. Stuart da Sandy Moss sun sayar da Nyetimber a 2001. Mike Roberts ya rasu a 2014, 'ya'yansa suka karɓi ragamar Ridgeview. A Camel Valley, ɗan Bob Lindo mai suna Sam ne ya gaji aikin haɗa giyar.

Janar Salisbury-Jones ya rasu a 1985. Gonarsa ta Hambledon ta sauya hannu fiye da sau ɗaya, kuma waɗanda suka zo daga baya sun maye gurbin inabin da ya dasa da nau'o'in Champagne.