Ɓuntu Da Totuwa Sun Shiga Kasuwa, To Wa Zai Riƙe Littafin Awo?

Duk manomin Kucheri ya san abin da kan faru bayan kaka. Karan dawa a yi darni da shi, harawa a ba dabbobi, amma ɓuntun shinkafa da totuwar masara da ɓawon gyaɗa sai a tara a cinna musu wuta. To, wannan tarkace makamashi ne. A jihar Bihar ta ƙasar Indiya, kamfanin Husk Power, wanda aka kafa a 2008, ya ba ƙauyuka wutar lantarki da ɓuntun shinkafa. Akan gasa ɓuntun cikin tukunyar ƙarfe mai ƙarancin iska, ya fid da gas, gas ɗin ya juya inji.

In irin wannan ciniki ya kankama tsakanin Tsafe da Gusau da Bunguɗu, rigimar za ta zama ta lissafi. Manomi ya ba dillali buhu ashirin, dillali ya ba mai mota, a ƙofar masana'anta a ce sha shida aka gani. Wanda ya taɓa kai auduga gaban sikeli ya san wannan zance.

Nan ne ake maganar bulokcen, watau dabarar da kuɗin Bitcoin ya fito da ita a 2009. Littafi ne guda, amma kowa na da kwafinsa a kwamfuta ko waya. Kowane shafi an ɗaure shi da na bayansa kamar sarƙa, saboda haka in wani ya kankare lamba ɗaya, sauran kwafin za su tona shi. Kantin Walmart na Amurka ya gwada shi da mangwaro. Gano gonar da ya fito kan ci kusan kwana 7, sai ya koma daƙiƙa 2 da 'yan kai. Gwamnatin Nijeriya ma ta amince da manufar bulokcen a 2023.

Amma fa littafin ba ya awo. In malamin sikeli ya shigar da ƙarya, ƙaryar ce za ta zauna daram. Lalle ne manomi ya tsaya a auna a gabansa, ya ga lambar ta shigo wayarsa kafin mota ta tashi. Kuma kada ya kwashe gona ƙarƙaf, domin karan da ya ruɓe a ƙasa shi ne takin baɗi.