Asusun Haɗaka: Kafin Ka Tambayi Riba, Tambayi Wa Ke Riƙe da Kuɗin

Dattawan Kakuri da Makera da Nassarawa suna tune da zamanin da jiniyar masaƙa take tashe su da asuba. An buɗe masaƙar KTL a shekarar 1957, waɗansu masaƙu suka biyo baya, kamfanin Peugeot kuma ya fara haɗa motoci a 1975. A lokacin nan mutum yakan ɗauka cewa aikinsa shi ne ajiyarsa. Amma KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsai da aiki a 2007, ma'aikata da yawa suka daɗe suna jiran haƙƙinsu. Gidaje da dama a kudancin Kaduna suka koya da hawaye cewa albashi yana da ranar ƙarewa.

Saboda haka masu bi da yawa suna neman inda za su sa ɗan abin da suka rage: kuɗin sallama, kwasar adashi, ribar awo, ko abin da mai gida ya bar wa gwauruwa da marayu. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce asusun haɗaka, wanda ma'aikatan banki suke kira yunit turast. Hanya ce mai kyau ga mai ƙaramin ƙarfi, in ya san abin da yake saye.

Don Me Ba Za A Bar Su A Akwati Ba?

Littafin Farawa sura 41 ya nuna mana yadda Yusufu ya tara hatsi a shekarun ƙoshi domin shekarun yunwa. Tanadi ba rashin bangaskiya ba ne. A Matiyu sura 25 kuma, a misalin talanti, bawan da ya binne kuɗin ubangidansa shi aka tsawata wa, gama ko wurin masu juya kuɗi bai kai ba. Misalin yana magana a kan Mulkin Allah ne, amma yana tuna mana cewa mu wakilai ne, za mu kuwa ba da lissafi.

Kuɗin da aka binne yana da gara, sunanta tsadar kaya. A watan Disamba 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce farashin kaya ya hau da fiye da kashi 34 cikin ɗari a shekara ɗaya. Bari mu ce ya hau da kashi 30. Wanda ya ɓoye naira 100,000 a ƙarƙashin katifa, bayan shekara zai ƙirga ya same su cif, amma a kasuwar Sabon Tasha abin da naira 77,000 suke saye bara shi kaɗai za su saya masa. Ba ɓarawon da ya shiga ɗakin, duk da haka an yi masa sata.

Mene Ne Asusun Haɗaka?

Mutane dubbai suna zuba kuɗinsu wuri ɗaya. Masanin kasuwa ya ɗauki kuɗin ya sayi takardun bashin gwamnati, ko hannun jarin kamfanoni iri iri, ko duka biyu. Ana raba dukiyar asusun ƙanana ƙanana, kowane yanki sunansa yunit, kamar yunit ɗin da muke saye na mitar wuta. In farashin yunit naira 100 ne, ka sa naira 50,000, kana da yunit 500. In farashin ya hau zuwa naira 120, naka ya zama naira 60,000. In ya sauka zuwa naira 80, naka ya koma naira 40,000. Ka lura da wannan da kyau, ya mai karatu: yana hawa, yana kuma sauka.

Amfaninsa shi ne, mai naira 5,000 ba zai iya sayen hannun jari a kamfanoni ashirin shi kaɗai ba, amma cikin haɗaka yana da ɗan rabo a dukansu. In ɗaya ya faɗi, sauran su tallafe shi. Manomi mai hikima ba ya shuka masara kaɗai, yakan haɗa da dawa da wake.

Ba sabon abu ba ne. An fara irinsa a birnin Boston na Amurka a 1924, a Ingila kuma a 1931. A Nijeriya an kafa kasuwar hannun jari ta Legas a 1960, aka buɗe reshenta a nan Kaduna a 1978. Hukumar SEC, mai lura da kasuwar jari, ta samu a 1979. Asusun haɗaka na farko farko a ƙasar nan sun fito a farkon shekarun 1990.

Ya bambanta da adashi. A adashi abin da ka zuba shi kake kwasa, ba ƙari. Ya kuma bambanta da ajiyar banki. Hukumar NDIC, wadda aka kafa a 1988, tana tsaya wa masu ajiya in banki ya rushe, a 2024 kuma aka ɗaga abin da take biya zuwa naira miliyan 5 ga mai ajiya a manyan bankuna. Wannan kariya ba ta shafi asusun haɗaka ba, ko da a harabar banki ka cika takardar.

Hannu Uku A Kan Kuɗin

To, me ke tsare kuɗinka? Doka ta raba aikin tsakanin hannu uku. Na farko shi ne manajan asusu, kamfanin da yake zaɓen abin da za a saya. Na biyu shi ne amintacce, wani kamfani dabam da yake tsaya wa masu yunit, yana duba ko manaja yana bin ƙa'idar da aka rubuta. Na uku shi ne banki mai ajiya, wanda kuɗin da takardun suke hannunsa. Mai yanke shawara ba shi ne mai riƙe da mabuɗi ba. A bisansu duka akwai masu binciken lissafi da hukumar SEC.

Mun saba da wannan a ikkilisiya. Ba mutum ɗaya yake ƙirga baiko ba. Ma'aji yana riƙe da kuɗi, magatakarda yana rubutawa, dattawa suna sa hannu. Ba don muna zargin kowa ba ne, don a tsare sunan kowa ne. In wani ya zo maka da “jari” wanda shi ne mai karɓa, shi ne mai ajiya, shi ne mai ba da lissafi, wannan ba asusun haɗaka ba ne, kome kyaun sunansa.

Yaushe Za Ka Bukaci Kuɗin?

Wannan tambaya ita za ta nuna maka irin asusun da ya dace da kai.

Asusun gajeren lokaci yana sayen takardun bashin gwamnati na 'yan watanni, yana kuma sa kuɗi a bankuna. Haɗarinsa kaɗan ne, ana kuma iya cire kuɗi cikin 'yan kwanakin aiki. Ribarsa tana bin kuɗin ruwa na kasuwa, in ya hau ta hau, in ya sauka ta sauka, wani lokaci ma ba ta cim ma tsadar kaya. Shi ya dace da kuɗin makaranta na watan Satumba, kuɗin haya, da tanadin asibiti.

Asusun takardun bashi na dogon lokaci ya dace da kuɗin da ba za ka taɓa ba har shekara biyu ko uku.

Asusun hannun jari shi ne mai yawan hawa da sauka. A watan Maris 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Nijeriya ya haura 66,000, a farkon 2009 ya faɗo kusan 20,000. Wanda ya sa kuɗin bikin 'yarsa a lokacin, ya kuma sayar saboda matsi, ya rasa fiye da rabi. Kada ka sa kuɗi a nan sai wanda za ka iya mantawa da shi shekara biyar ko fiye, kamar tanadin jami'a na yaron da yake firamare yanzu.

Akwai asusu gauraye, mai haɗa hannun jari da takardun bashi. Akwai na dala, wanda yakan taimaka sa'ad da naira ta faɗi, kamar yadda ta yi bayan watan Yuni 2023, amma in naira ta farfaɗo darajarsa a naira takan ragu. Akwai kuma asusun da ba ya sa kuɗi a kamfanonin giya, taba ko caca. Mai bi wanda lamirinsa ba zai yarda da cin ribar giya ba, sai ya tambayi wannan.

Kurayen Da Suke Zuwa Da Murmushi

Ba mu manta da MMM ba. Sun yi alkawarin riba kashi 30 cikin ɗari kowane wata. Yi lissafi: da gaskiya ne, naira 100,000 za su haura naira miliyan 2 cikin shekara ɗaya. Wace sana'a ce a duniya take haifar da haka? Kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi da su, ran da sababbi suka ragu sai ginin ya rushe. A watan Disamba 2016, dab da Kirsimeti, aka rufe asusun mutane. Hukumar NDIC ta ce 'yan Nijeriya wajen miliyan 3 sun rasa kimanin naira biliyan 18. A watan Afrilu 2025 wani mai suna CBEX ya rushe haka nan. Sabuwar dokar jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu irin wannan zamba, amma ɗaurin ɓarawo ba ya cika mayar da kuɗin gwauruwa.

Abin baƙin ciki shi ne, sau da yawa wannan cuta ta ƙofar zumunci take shiga. 'Yar'uwa ta sami biya sau biyu, ta gaya wa mata bayan sujada da zuciya ɗaya, su kuma suka bi ta domin sun amince da ita. Ba maƙaryaciya ba ce, ita ma an ruɗe ta ne. Amma ran da abin ya fashe, ba kuɗi kaɗai ake rasawa ba. Mutane sukan daina gaisawa a ƙofar majami'a. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Bulus ya gargaɗi Timoti a wasiƙarsa ta fari, sura 6, game da tarkon da masu ɗokin yin arziki suke faɗawa. Fastoci da dattawa su kula, kada a ba mai tallan jari bagade ko lokacin sanarwa.

Tambayoyi Bakwai Kafin Ka Sa Hannu

1. Asusun da manajansa suna da rajista da SEC? Hukumar tana buga sunayensu a shafinta na intanet. Babban ofishinta yana Abuja, tana da ofishi a Kano. Takardar rajistar kamfani ta CAC kaɗai ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce.

2. Wane ne amintacce, wane banki ne mai ajiya? In mai tallan bai sani ba, ko ya yi fushi, tashi ka tafi.

3. Wane asusun banki zan biya? Kada ka taɓa tura kuɗi ga sunan mutum. 'Yan damfara sukan ari sunan sanannun kamfanoni a WhatsApp da Facebook. Je ofishin da ƙafarka, ko ka tabbatar da manhajar wayar daga bakin kamfanin.

4. Me ake saye da kuɗina? Karɓi takardar bayanin asusun. In Turancin ya yi maka nauyi, ba wa amintaccen mai ilimi ya karanta maka, ba mai tallan ba.

5. Nawa ne ladan manaja? Ana cire shi kowace shekara, ko an ci riba ko an faɗi. A kan naira miliyan 1, kashi ɗaya da rabi cikin ɗari naira 15,000 ne, kashi biyu da rabi kuwa naira 25,000 ne. Cikin shekara goma bambancin ba ƙarami ba ne.

6. In na bukaci kuɗina fa? Kwana nawa kafin a biya ni, akwai tara in na cire da wuri? Asusu da yawa suna da wa'adin wata ɗaya ko uku.

7. Yaya asusun ya yi cikin shekara biyar da suka wuce, ba bara kaɗai ba? Gwada shi da 'yan'uwansa masu irin aikinsa. Ka kuma tuna, damunar bara ba ta yi wa ta bana alkawari ba. Duk wanda ya ce maka riba tabbas ce, ba faɗuwa, ka ji tsoronsa.

Yadda Ake Farawa

Za a nemi hotonka, katin shaida ko lambar NIN, lambar BVN, da takardar da ta nuna inda kake zaune, kamar ta kuɗin wuta. Waɗansu asusu suna karɓar naira 5,000 a farawa. Fitar da zakarka da baikonka, biya bashin da yake cin ruwa, tanadi abin da zai riƙe gida wata biyu ko uku, sa'an nan ka fara. Kada ka ci bashi, kada ka sayar da gonar gado domin ka zuba jari. Naira 5,000 kowane wata, cikin shekara biyar naira 300,000 ne tun ba a sa riba ba. Sannu ba ta hana zuwa.

In kuɗin ƙungiya ne, kamar na zumuntar mata ko na matasa, a yanke shawara a taro, a rubuta, a buɗe da sunan ƙungiya da sa hannun mutum biyu ko uku. Kuɗin jama'a ba na gwaji ba ne, asusun gajeren lokaci ya ishe shi.

Abu na ƙarshe, kada ka ɓoye wa iyalinka. A 2023 hukumar SEC ta ce ribar hannun jari da masu ita ba su karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190. Cikin dalilan akwai mutanen da suka rasu iyalinsu ba su san suna da kome ba. Mai gida, zauna da uwargida ku yi addu'a, ku yi shawara tare. Rubuta sunan magaji a takardar, ka ajiye rasit inda za a same shi, ka kuma rubuta wasiyya, gama sa suna a takarda kaɗai ba ya hana a nemi takardar kotu.

Begenmu ba a yunit yake ba, yana ga Ubangiji mai ciyar da mu. Amma abin da ya danƙa mana, ko naira dubu biyar ne, ya kamata mu san hannun da muka sa shi. Allah ya ba mu hikima da wadar zuci. Amin.