Iskar da Ba Ta Kaɗa Ganye

Daga Shagari Low Cost a Yola muke kawo muku shirin na yau.

Duk dattijon da ya saba kama BBC Hausa a gajeren zango ya san yadda murya kan zo tangaram, sai ta dushe, sai kuma ta dawo. Akan ɗora wa batir laifi, alhali matsalar tana can sama. Daga kimanin kilomita 60 zuwa 1,000 bisa kawunanmu akwai wani sashe na sararin samaniya da ake kira ayonosfiya, inda hasken rana ke cika siririyar iskar wurin da cajin lantarki. Shi ne ke maido da muryar rediyo ƙasa.

To, Yola tana dab da layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu, layin da ya ratsa Najeriya. A nan al'amarin ya fi tsanani. Iskar can sama, wadda gudunta kan kai mita 100 a daƙiƙa, tana tura wannan caji, sai ta haifar da wani kogin lantarki mai kwarara gabas da rana, a tsayin kilomita 100 da ɗoriya. A Huankayo ta ƙasar Peru aka fara lura da alamarsa, kuma Farfesa Cyril Onwumechili ya yi shekaru yana nazarinsa daga Ibadan.

Bayan magariba ne wasan yake. Sashen ayonosfiya yakan ɗaga sama, ya yi ramuka masu faɗin gaske, saƙon tauraron ɗan Adam, irin na GPS, da ya ratsa su kuma ya yi ta rawa. Abin ya fi yawa a watannin Maris da Afrilu, sai Satumba da Oktoba. Ga mai neman hanyar Jimeta da wayarsa, ƙaramin kuskure ne. Ga mai awon filaye ko matuƙin jirgin sama kuwa, ba abin wasa ba ne.

An kafa tashar GPS a Jami'ar Modibbo Adama da masana ke amfani da bayananta wajen bin diddigin wannan lamari, a Abuja kuma an kafa na'urar da ke auna gudun iskar can sama cikin dare. Sun yi kaɗan ga ƙasa kamar tamu. Ɗaliban kimiyya na Adamawa, ga fili nan a ƙofar gidanku, sai ku shigo.