Hukuncin Rawar Bikin Yaye Ɗalibai Da Riƙe Waya A Makaranta

Tambaya: 'Yata tana ajin ƙarshe na sakandare a nan Kaduna. Makarantarsu ta shirya bikin yaye ɗalibai, an ce za a kawo mai kiɗa a yi rawa, ita kuma ta matsa sai na saya mata babbar waya don ɗaukar hoto. Mene ne hukunci?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam.

Ka sani ya ɗan'uwa, murnar kammala karatu halal ce. Mu kanmu muna yin walimar saukar Alƙur'ani a Tudun Wada da Kawo da Rigasa, a dafa abinci, a tara dangi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta kalli Habashawa suna wasa da māsu a masallaci, Manzon Allah yana kāre ta. Don haka kada ka ce wa yarinya farin ciki haramun ne, domin za ta gane ba gaskiya ka faɗa ba, gobe kuma ba za ta saurare ka ba.

Abin dubawa shi ne yadda bikin yake gudana. Idan baligai maza da mata za su cakuɗa a fili ɗaya suna rawa, ana taɓa juna, an bayyana ado, wannan bai halatta ba. Suratun Nur aya ta 30 da 31 ta umarci maza da mata da runtse ido, Suratul Isra'i aya ta 32 kuma ta hana ko kusantar alfasha. Malamanmu na Malikiyya suna da ƙa'idar saddudh dhara'i, wato toshe ƙofar da ke kai wa ga ɓarna. A Risala ta Ibn Abi Zaid ma, wadda muka karanta a zaure, an sauke wajibcin amsa gayyatar walimar aure idan akwai munkari bayyananne a wurin. To ina ga bikin makaranta? Haka nan al'adar da ta shigo ta rubutu da alƙalami a jikin rigar juna ranar gama jarrabawar WAEC ko NECO, namiji ya ɗora hannu a jikin mace da sunan sa hannu. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Amma idan mata ne zalla a tsakaninsu, babu namiji, babu kalaman batsa, malamai sun sassauta, musamman da ganga irin ta duffi. Sai dai a yau akwai sharaɗin da malaman da ba su ambata ba, saboda ba su ga zamaninsa ba, shi ne waya. Ɗakin da mata ashirin suke, kowace da waya a hannu, ba ɗakin mata zalla ba ne. Ɗaya ta ɗauki bidiyo, kafin magariba ya hau TikTok ko ya zaga WhatsApp, kuma ba ya gogewa. Bayan shekaru, lokacin da ake maganar aurenta, wani ya tono shi. Yarinyar da ta cire mayafi don ta amince da ƙawayenta ita za ta ɗauki kunyar, wadda ta yaɗa kuma ta ɗauki zunubin tona asirin Musulmi.

Ita waya kayan aiki ce, hukuncinta yana bin abin da aka yi da ita. Ana sauraron tafsiri da ita, ana duba sakamakon jarrabawa, ana kiran gida idan an makale a hanya. Amma ɗanka amana ne, kuma hadisin Ibn Umar ya nuna kowane uba makiyayi ne da za a tambaye shi kiwonsa. Yaron da ya kwana yana latsa waya har ƙarfe biyu zai makara sallar asuba, ya yi gyangyaɗi a aji. Ba mu kaɗai muka ga haka ba: a 2018 ƙasar Faransa ta kafa dokar hana ɗaliban firamare da ƙaramar sakandare amfani da waya a makaranta. Hukumar WAEC ma ta hana shiga ɗakin jarrabawa da ita, kuma satar amsa ha'inci ne a shari'a tun kafin ya zama laifi a doka.

Saboda haka idan makaranta ta hana waya, ka goyi bayanta, kada ka je kana yi wa malami faɗa don ya ƙwace. In akwai buƙatar kira, ƙaramar waya marar intanet ta isa. A gida a sa lokaci: bayan isha'i wayoyi su kwana a ɗakin uwa ko uba, a can za a yi caji. Kai ma ka ajiye taka a lokacin cin abinci, don yara da ido suke koyo. Ka gaya wa 'yarka tun farko cewa za ka riƙa duba wayar a gabanta. Hakan ya fi binciken ɓoye da ke kashe amana.

Game da wannan bikin, ku haɗu da wasu iyaye ku sami shugaban makaranta ta hanyar ƙungiyar iyaye da malamai, ku nemi a yi taron da rana, a raba wurin zama, a ba da kyaututtuka, a tashi kafin la'asar. Kuɗin bikin daga aljihunku yake fitowa, kuna da ta cewa. In an ƙi, ta halarci karɓar shaida tare da mahaifiyarta, su fito kafin a fara kiɗa, ka yi mata walima a gida ta gayyaci ƙawayenta. Kada kuma wannan ya zama dalilin cire ta daga karatu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya zargi masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Wallahu a'alam.