Jijjigar Kan Babur: Asalinta, Illarta Ga Hannu Da Madubi, Da Hanyoyin Rage Ta

Duk wanda ya yi doguwar tafiya a kan babur ya san halin da hannu kan shiga bayan an sauka. Yatsu sukan sage, tafin hannu ya riƙa tsikari kamar ana soka masa allura, wani lokaci ma ɓalle maɓallin riga yakan gagara har sai an ɗan huta. Haka kuma da zarar an murɗa totur sai hoton da ke cikin madubi ya dagule, motar da ke tafe a baya ta koma wani dishi-dishi. Waɗannan matsaloli biyu tushensu ɗaya ne, watau jijjigar kan babur, ƙarfen nan da mahayi ke riƙewa. Ga mai hawa jefi-jefi abin bai wuce damuwa ba, amma ga ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabu da ke wuni a kan babur, magana ce ta lafiyar hannun da yake neman abinci da shi.

Yawancin ƙananan baburan da ke yawo a ƙasar Hausa injinsu mai silinda ɗaya ne. A cikinsa fistin yana hawa yana sauka sau ɗaya a kowane juyin inji, kuma a ƙarshen kowace tafiya dole ya tsaya cak sannan ya juya. Wannan tsayawa da juyawa ita ce ke fizgar injin sama da ƙasa. Idan inji yana juyi 6,000 a minti, to fizgar tana aukuwa sau 100 ke nan a kowane sakan. Masana suna auna yawan kaɗawa a sakan da ma'aunin da ake kira Hertz, don tunawa da masanin Jamus Heinrich Hertz. Masu ƙera injuna sukan sa nauyi a jikin sandar da fistin ke juyawa domin ya soke fizgar, amma a inji mai silinda ɗaya nauyin ba ya iya soke ta duka. Abin da ya rage ta sama da ƙasa yakan mai da wani sashensa gaba da baya. Ragowar ita ce ke bin gangar jikin babur har ta iso hannu.

Taya ma tana da nata rabon. Kewayen tayar irin waɗannan babura ya kusa mita biyu, saboda haka a gudun kilomita 60 a awa tana juyawa kamar sau tara a sakan. In wani gefenta ya fi wani nauyi, ko wilin ya lanƙwashe, kan babur zai riƙa samun naushi sau tara a sakan. Bambance su ba wuya: a kan hanya mai kyau da babu cunkoso, mahayi ya kama kuloci ya saki totur. Jijjigar da ta ɓace ta inji ce, wadda ta saura kuwa daga taya take ko daga hanya.

To, amma me ya sa jijjigar ke tsananta a wani gudu, sannan ta lafa idan an ƙara wuta? A nan ne ainihin ilmin yake. Kowane abu mai ɗan lanƙwasuwa yana da adadin kaɗawar da ya fi so. Ɗalibi na iya gwada wannan a aji: ya danne rula a bakin tebur, ya bar wani sashenta a waje, ya taɓa ƙarshen ya saki. In sashen da ke waje dogo ne, a hankali za ta kaɗa. In an gajarta shi, sai ta kaɗa da sauri har ta yi ƙara. In kuma aka liƙa kwabo biyu ko uku a ƙarshenta, sai saurin ya ragu. Ke nan tauri yana ƙara saurin kaɗawa, nauyi yana rage shi. Makaɗin kalangu ya daɗe da sanin rabin wannan ƙa'ida, domin matse tsirkiya da yake yi a hammata ƙara wa fata tauri ne, shi ya sa muryar ke hawa.

Kan babur ma rula ne da aka ɗaure a tsakiya aka bar ƙarshensa biyu a sake. Idan yawan fizgar inji ya zo daidai da adadin da ƙarfen ya fi so, kowace fizga sai ta hau kan ta baya, kamar yadda ɗan ƙaramin turi ke kai mai lilo sama matuƙar an yi shi a kan lokaci. Wannan dacewa ita masana ke kira rezonans. Ita ce ke mai da ƙaramar jijjiga babba, kuma ta fi ƙarfi a can ƙarshen ƙarfen, daidai inda hannu yake.

Madubi kuwa nasa ya fi muni, don yana can a ƙarshen siririn ƙarfe wanda shi ma ke da tasa kaɗawar. Bugu da ƙari, ƙa'idar haske ta nuna cewa in shimfiɗaɗɗen madubi ya karkata da digiri ɗaya, hasken da ke dawowa daga gare shi yakan karkata da digiri biyu. Karkatar rabin digiri kaɗai ta isa ta gusar da hoton motar da ke nesan mita 30 da kimanin rabin mita. Idan gushewar tana faruwa sau sittin ko ɗari a sakan, ido ba ya iya rarrabe hotunan, sai ƙwaƙwalwa ta haɗe su wuri guda. Wasu mahaya sukan kwance madubin gaba ɗaya su ajiye, wanda hakan maganin ciwon ido ne ta hanyar ƙwaƙule shi.

A cikin fatar tafin hannu akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu siffar albasa, ɓawo a kan ɓawo, waɗanda ake kira da sunan likitan Italiya Filippo Pacini da ya bayyana su a ƙarni na 19. Aikinsu jin jijjiga, kuma sun fi jin wadda ke kusa da Hertz 250. Idan aka daɗe ana kaɗa su sai su gaji, jin taɓawa ya dushe na ɗan lokaci. Jijjiga tana kuma sa tsoka ta ɗaure ba da nufin mai ita ba, sai riƙo ya ƙara tsanani, riƙo mai tsanani kuwa ya fi shigar da jijjiga cikin hannu. Matsin da ke kan tafi yana danne manyan jijiyoyin saƙo guda biyu. Ɗaya tana kula da babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin na zobe, ɗayar kuma da ƙaramin yatsa da sauran rabin na zobe. Yatsun da suka sage su ne ke nuna wadda aka danne.

In abin ya ɗauki shekaru, illar tana iya zama ta dindindin. A 1918 likitar Amurka Alice Hamilton ta binciki masu sassaƙa dutse da gudumar iska a Bedford ta Jihar Indiana, ta tarar da yawansu yatsunsu kan yi fari fat su mutu idan sun ji sanyi, saboda ƙananan jijiyoyin jini sun tsuke. An fi samun ciwon ga masu aiki da injunan fasa dutse da na yankan itace, waɗanda jijjigarsu ta fi ta babur, sai dai yawan awannin ma yana shiga lissafi. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 2002 ta ɗora ma'auninta a kan wunin aiki na awa takwas. Sanyin hunturu da shan taba duk suna ƙara tsuke jijiyoyin. Wanda sagewar hannunsa ke kwana, ko yatsunsa ke canza launi da sanyin asuba, asibiti ya kamace shi.

Gyara yana farawa ne daga abin da ba ya cin kuɗi. Notocin da ke riƙe inji a jikin babur sukan saki, kuma noti ɗaya da ya saki ya isa ya dagula komai. Sai a duba iskar taya, da miƙewar wili, da boris ɗin wuyan babur, da sarƙa, wadda ɗaurewarta fiye da kima ke kawo nata gurnanin. Bayan haka ne ake komawa ga darasin rula. Ana ɗaura dunƙulen ƙarfe mai nauyi a kowane ƙarshe na kan babur, domin a saukar da adadin da ya fi so zuwa ƙasa da inda inji ya saba aiki. Nauyin ba ya kashe jijjiga, matsar da ita yake yi, don haka in ba a yi sa'a ba yana iya kawo ta daidai gudun da mahayi ya fi yi. Dole a gwada a kan hanya, a kuma tabbatar totur yana komawa da kansa ba tare da ya goga ba. Wasu sukan cika cikin bututun da busasshen yashi su toshe. Wannan dabara tana da hujja, domin gogayyar ƙwayoyin yashi tana mai da ƙarfin kaɗawa ya zama ɗan zafi.

Robar riƙo mai laushi da safar hannu suna tare jijjiga mai sauri, amma ba su da wani tasiri a kan naushin taya, kuma in sun cika kauri sai su sa a ƙara matsa riƙo. Sassauta yatsu, da miƙe wuyan hannu, da barin gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe sun fi su amfani, haka ma sa giyar sama don juyin inji ya sauka. Shi kuma madubi, gajeren ƙarfe mai kauri da noti a ɗaure tamau yakan ɗaga adadin kaɗawarsa sama da na inji. Ana iya gwada shi babur na tsaye: a murɗa totur a hankali, a dafa bayan madubin da yatsa. In hoton ya washe, laifin na ƙarfen madubin ne. In bai washe ba, sai a koma ga kan babur da notocin inji.