Daga Ƙofar Fada Zuwa Gidan Gwamnati: Yadda Iko Ya Bar Iyayen Ƙasa a Tambuwal da Kebbe

A watan Afrilun 2024 gwamnatin Jihar Sakkwato ta sanar da sauke iyayen ƙasa 15 a rana guda. Uku daga cikinsu na kusurwar kudu ne: na Tambuwal, na Dogon Daji da na Kebbe. Gwamnati ta raba su kashi biyu. Tara, ciki har da na Dogon Daji da na Kebbe, ta jingina musu zarge-zarge a dunƙule, irin su rashin biyayya, badaƙalar filaye da sakaci ko hannu a matsalar tsaro. Sauran shidan, ciki har da Sarkin Tambuwal, ta ce gwamnatin da ta gabace ta ce ta naɗa su a gurguje tana gab da barin gado. Na Tambuwal da na Kebbe suka garzaya kotu. Kafin ƙura ta lafa, a watan Yuli Gwamna Ahmed Aliyu ya sa hannu a kan gyaran dokar ƙananan hukumomi, wadda ta bar wa fadar Sarkin Musulmi ba da shawara kawai wajen naɗin iyayen ƙasa da hakimai, ta mayar da naɗin kansa hannun gwamna.

A majalisun hira an ɗauki abin a matsayin rikicin APC da PDP, wato sabuwar gwamnati tana share sawun tsohon gwamna Aminu Waziri Tambuwal a mahaifarsa. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan fassara, amma ta yi gajarta. Da a ce sarautar tana da nauyin da take da shi a da, da takardar sanarwa ɗaya ba ta isa ta ture mutum uku a yanki ɗaya ba. An daɗe ana zare mata ginshiƙai, ɗaya bayan ɗaya, fiye da shekara hamsin.

Tambuwal ba ƙaramin gari ba ne a tarihin Daular Usmaniyya. Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya zauna a nan, ya mai da garin ribaɗi mai tsaron kudu maso yammacin Sakkwato, kusa da Gwandu ta baffansa Abdullahi. Malami ne, mawaƙi, kuma jagoran yaƙi, zuriyarsa ce kuma ta riƙe Tambuwal da Dogon Daji. A wancan zamani mai riƙe da gari shi ne mai raba gona, mai tara mayaƙa, mai tsayar da alƙali. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903 sun karɓe takobin, amma sun bar sauran, har ma sun ƙara masa takarda da alƙalami. A ƙarƙashin En'e uban ƙasa yana da malamin haraji, yana da ƴan doka, kuma kowace shekara sai an bi gida gida an rubuta kowane baligi, an ƙidaya shanu domin jangali. Ba don ƙaunar talaka aka yi wannan ƙidaya ba, don kuɗinsa aka yi. Sai dai ta haifar da wani abu da ba a san darajarsa ba sai da ya tafi: babu baƙon da zai kwana biyu a ƙauye mai unguwa bai sani ba, kuma abin da mai unguwa ya sani da safe, kafin la'asar ya isa kunnen hakimi.

Rushewar ta zo daki-daki. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin Janar Gowon ta karɓe ƴan doka, kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ciyaman da kansiloli, ya mayar da sarakuna masu ba da shawara. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallakar filayen karkara. Daga baya haraji da jangali suka kau, littafin ƙidaya ya tafi tare da su. Tsarin mulkin 1999 kuwa bai yanka wa sarakuna wani aiki ba ko kaɗan.

Kuskure ne a ɗora duka laifin a kan sojoji da ƴan siyasa. Sarautar da kanta ta tara wa kanta maƙiya. Dattawan da suka ga zamanin haraji ba su manta da wanda aka shanya a rana saboda ya kasa biya ba, ko aikin tilas na gyaran hanya da gidan baƙi, ko gonar da aka ƙwace aka ba ɗan fada. Lokacin da aka rage wa iyayen ƙasa ƙarfi, talakawa da yawa ajiyar zuciya suka yi.

Akwai kuma abin da boko ya yi, kuma a nan labarin Dogon Daji yana da ban sha'awa. Makarantar elementare ta garin tana cikin tsofaffin makarantun lardin Sakkwato. A cikinta Ibrahim Dasuki, ɗan Sarkin Yamman Dogon Daji, wanda aka haifa a 1923, ya fara karatu, a cikinta kuma ya haɗu da wani yaro daga Gummi mai suna Abubakar Mahmud. Na farko ya bi aikin gwamnati da harkar banki, ya shugabanci kwamitin duba tsarin ƙananan hukumomi na ƙasa a 1984, sannan a 1988 ya zama Sarkin Musulmi, na farko daga gidan Buhari. Na biyun ya zama Shaikh Abubakar Gumi, wanda karantarwarsa ta share fagen kafa Izala a 1978, abin da ya sauya yadda garuruwan Arewa ke zaɓen limami da masallaci, har fada ta daina zama ita kaɗai mai faɗa a ji a harkar addinin gari. Shekaru bayan haka wani ɗan gidan Wazirin Tambuwal, wato Aminu Waziri Tambuwal, wanda aka haifa a 1966, ya yi Kwalejin Horon Malamai ta Dogon Daji, ya karanta lauya, ya wakilci Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai daga 2003, ya zama kakakinta a 2011, ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023. Abin lura shi ne, ƴaƴan fada ba su rasa iko ba, ƙaura suka yi da shi zuwa Kaduna, Legas, Abuja da Gidan Gwamnati. Kujerar da suka baro a gida ce ta rame. Shi kansa Dasuki, da ya koma kan kujera mafi girma a daular, gwamnatin Janar Abacha ta tuɓe shi a Afrilun 1996. Tun daga ranar duk wani uban ƙasa ya san inda ya tsaya.

Kuɗi ma sun taka tasu rawa. Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin ci-rani, amma a da mai ci-rani yakan dawo da damina ya koma ƙarƙashin mahaifinsa da mai unguwarsa. Yau saurayi yana Legas ko Fatakwal yana turo kuɗi ta waya, ya sayi fili, ya gina gida, ya ɗauki nauyin aure, ba tare da ya taka ƙofar fada ba. Ga kuma ɗabi'ar gwamnatoci ta ƙirƙiro sababbin gundumomi domin saka wa magoya baya. Rawuna sun yawaita, ƙasar kowane rawani ta ƙanƙance.

To ina ikon ya tafi? A takarda, sakatariyar ƙaramar hukuma ya koma. A zahiri wucewa kawai ya yi ta can. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana shiga asusun haɗin gwiwa da jiha ke juyawa, ciyamomi kuma ko dai na riƙo ne, ko kuma zaɓaɓɓu ne a zaɓen da jam'iyya mai mulki ke lashewa kaf, ko wace ce ke mulkin. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, shaida ne cewa cutar ta game ƙasa. A ganina wannan shi ne asalin ciwon: an karɓe iko daga mutumin da ke kwana a cikin gari, ba a ba wani mai kwana a garin ba, an kai shi birnin Sakkwato.

Tasirin wannan bai zo wa Tambuwal da Kebbe iri ɗaya ba. Tambuwal tana bakin babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi Jega da Yawuri zuwa Kontagora, kimanin kilomita 100 daga babban birnin jiha. Mota ba ta yankewa, kasuwa na ci, ga kwalejin ƴan mata ta gwamnatin tarayya, ga babban asibiti, ga manyan ƴaƴa da ake ɗaga wayarsu. Garin da yake da irin waɗannan zai iya jure raunin fada, domin in an toshe ƙofa ɗaya akwai wata. Illarsa ita ce komai ya rataya a kan mutum ɗaya da jam'iyyarsa. In naka na sama aiki ya zo, in ya sauka a jira wani zagayen. Gaba ta siyasa kuwa ta shiga har cikin zumunci, ana ganinta a wurin ɗaurin aure da zaman makoki.

Kebbe labarinta daban ne. Da aka yanke Jihar Kebbi a 1991, aka yanke Zamfara a 1996, sai ta wayi gari a matsayin wutsiyar Jihar Sakkwato, Gummi ta gabas a wata jiha, Jega ta yamma a wata jiha, alhali da su take cin kasuwa, da su take auratayya, Gulbin Zamfara kuma ya ratsa su duka. Ƙidayar 2006 ta ba Tambuwal mutum kimanin 225,000 a faɗin ƙasa murabba'in kilomita 1,717, ta ba Kebbe kimanin 125,000 a murabba'in kilomita 2,618. Wato a kowane murabba'in kilomita ɗaya, inda Tambuwal ke da mutum wajen 130, Kebbe ba ta kai 50 ba. Ƙasa ce mai faɗi, mai daji da fadama da makiyaya, ƙauyukanta irin su Kuchi, Fakku, Ungushi, Girkau, Sangi da Margai a warwatse. Irin wannan ƙasa ba a riƙe ta da ofishin ƴan sanda ɗaya ko biyu. Da idon masu unguwanni da arɗon Fulani aka riƙe ta tun asali.

Shi ya sa da ƴan bindiga suka fara malalowa daga dazukan Zamfara, ƙauyukan Kebbe suka ɗanɗana kuɗarsu: satar shanu, garkuwa da mutane, kuɗin fansa, gonakin da aka bari ba a noma ba, iyalan da suka tattara komatsai suka koma cikin gari. Ba raunin sarauta ne ya haifi ta'addancin daji ba, tushensa ya fi haka zurfi, kuma ba a nan ya tsiro ba. Amma ya tarar da ƙofa a buɗe. Rikicin manomi da makiyayi da a da ake kashewa a zaure, a kimanta ɓarna a biya, yanzu sai ya bi ta caji ofis da kotu, kowa ya kashe abin da ya fi ɓarnar, a fito da ƙullaci. Burtali da mashaya da kowa ya san iyakarsu an cinye su kaɗan-kaɗan, saboda mai hana cin ba shi da ikon hanawa, wani lokaci ma da shi ake ci. Ɓarawon da ya yi ta'asa a nan, cikin sa'a guda ya tsallaka wata jiha, inda kwamishinan ƴan sanda daban ne, gwamna daban.

Hakimin ƙauye a yau yana tsakanin wuta biyu. In ya kai rahoton maɓoyar ɓarayi, babu tabbacin maganar ba za ta koma kunnensu ba, kuma shi zai kwana a ƙauyen, ba jami'in da ya karɓi rahoton ba. In ya yi shiru, ko ya nemi sulhu domin mutanensa su samu su yi noma, a kira shi infoma. Ba na wanke kowa, domin an sha samun masu rawani da hannu dumu-dumu a wannan harka a Arewa maso Yamma. Amma gwamnatin da ke neman a ba ta labarin sirri daga mutumin da ba ta ba shi kariya ba, ba ta ba shi albashin kirki ba, kuma tana iya sauke shi ta rediyo, tana neman abin da ba ta biya kuɗinsa ba. Rundunar tsaron al'umma da jihar ta kafa za ta taimaka, sai dai bindiga ba ta san wane ne baƙo a ƙauye ba.

Wata asarar da ba a cika magana a kanta ba ita ce ta tarihi. Jerin sarakunan gari, iyakar gonaki, wace zuriya ce ta fara sauka a wace unguwa, duk a kan fadawa, makaɗa da limamai suke, kaɗan ne a rubuce. Duk lokacin da aka mai da naɗi abin jam'iyya, kowane ɓangare sai ya gyara asali yadda zai dace da ɗan takararsa. Yaro a Jabo ko Sanyinna zai iya gama sakandare bai taɓa jin darasi ɗaya a kan yadda aka kafa garinsu ba.

Idan aka auna, talaka ya ci riba ta gaske: ba mai shanya shi a rana, yana da ƙuri'a, yana iya kai uban ƙasa ƙara. Ba mai hankalin da zai nemi a dawo da En'e. Abin da ya rasa shi ne hukuma ta kusa wadda ta san shi, shi ma ya san ƙofarta, kuma wannan rashin ya fi ciwo a Kebbe fiye da Tambuwal.

Gyaran bai fi ƙarfin Majalisar Dokokin Jiha ba, kuma ƴan majalisar Tambuwal ta Gabas, Tambuwal ta Yamma da Kebbe su ya fi kamata su ɗauko shi, tunda a ƙasarsu aka fi jin zafin abin. A rubuta a doka cewa ba a sauke uban ƙasa sai an karanta masa laifinsa shi kaɗai, an saurare shi a bainar jama'a, ko wace jam'iyya ke mulki. A mayar wa hakimai da masu unguwanni aikin rajistar mazauna, baƙi, gonaki da burtali, a biya su a kansa, a hukunta wanda ya ci amana. Gwamnatocin Sakkwato, Kebbi da Zamfara kuma su amince iyayen ƙasar Kebbe su riƙa zama a kai a kai da takwarorinsu na Gummi da Jega tare da jami'an tsaro, kafin damina mai zuwa ta kankama.